Kilima a 16 ta fi saurin sanyaya ɗaki?

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Gardama muke da yaran shagona. Na ce a zafin Yamai na watan Afrilu, da yake haura 40, in ka sa kilima a 16 ɗaki ya fi saurin yin sanyi. Wai ba haka ba ne. Masu sani, ku raba mu.

Injiniya Mamman: Alhaji, ka yi haƙuri, yaran ne da gaskiya. Lambar nan ba ƙarfi take ƙarawa ba, wurin tsayawa kake gaya mata. Akwai ɗan ma'auni a bayan ragar da iska ke shiga, shi ke auna zafin ɗakin, a gwada shi da lambarka. In zafin ya fi lambar, kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ta tashi. In ya sauko, ta tsaya. Kamar ƙwallon nan na cikin tankin ruwa, da ke toshe bututu in ruwa ya cika. Tsohuwar kilima kuwa gudu ɗaya ta sani.

Hajiya Rabi: To me ya sa in na sa 16 har bargo nake nema?

Injiniya Mamman: Don ba ta tsaya a madaidaicin sanyi kamar 24 ba, Hajiya, ta wuce. Da rana ma, ɗakin kwano da wuya ya kai 16, sai ta yi ta aiki babu hutu, kuɗin wuta na tafiya.

Isufu mai gyaran kilima: Injiniya, ban yarda duka ba. Kilima masu inbata fa? Su suna ƙara gudu su rage, gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da lambar. Tazara babba, gudu babba. Ke nan Alhaji bai faɗi ƙasa ba.

Injiniya Mamman: Haka ne, amma gudun yana da iyaka. Ɗakin da ya kai 38, ko 24 ka sa, da dukan ƙarfinta za ta fara. Sai an kusa lambar bambancin ke fitowa: mai 24 ta sassauta, mai 16 ta ci gaba.

Isufu: Wannan ɗan kusa ɗin ai shi mai ɗaki ke ji a jikinsa.

Alhaji Sani: Tawa dai tsohuwa ce, ba inbata. Kuma in na kashe na kunna, sai ta yi shiru wajen minti 3. Ta lalace ne?

Isufu: Lafiyarta lau, Alhaji. Da gangan aka yi ta haka, don matsin gas ya daidaita kafin kwamfuresa ta tashi. Ka hana yaran nan yawan danne-danne.