Lissafi biyu, amsa biyu: wanne ke faɗin gaskiyar ƙafewar ruwa?

Dalibin_Ruwa: Salamu alaikum malamai. Bayanan tashar auna yanayi ɗaya ne a yankin Sahel, na shekara 40. In aka lissafa ƙafewar ruwa da tsarin Thornthwaite, layin sai hawa yake kamar fari na ƙaruwa. In aka koma Penman-Monteith sai ya kusa kwanciya. Ruwan saman bai canja ba. Ina gizo ke saƙar?

Injiniya_Madatsa: Wa alaikumus salam. A cikin tsarin yake. Thornthwaite, na 1948, zafi da tsawon yini kawai ya sani. Tunda zafi na ƙaruwa, dole amsarsa ta hau, ko da iska ta lafa ko hasken rana ya ragu. Penman-Monteith abu huɗu yake ci: zafi, hasken rana, danshin iska da gudunta. Wani zai ja sama, wani ya ja ƙasa.

Dubi hunturu. Ana rawar sanyi, amma rigar da aka shanya da hantsi ta bushe kafin azahar, leɓe na tsagewa. Thornthwaite zai ce ƙafewa ta yi ƙasa sosai, alhali busasshiyar iska na kwasar ruwa. Wannan ne ma ya sa Sheffield da abokansa suka rubuta a mujallar Nature a 2012 cewa ma'aunin fari na Palmer, in an ɗora shi kan Thornthwaite, yana zuzuta ƙaruwar fari a duniya.

Hajiya_Yanayi: Haka ne Injiniya, sai dai kada ɗalibi ya ɗauki Penman kamar yankan wuƙa. Tsarin FAO-56 na 1998, wato Penman-Monteith yadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara shi, yana son gudun iska a tsayin mita 2, tashoshi da yawa kuwa a mita 10 suke aunawa. Sai ka ninka gudun iskar da 0.748, in ba haka ba amsa ta kumbura. Abin da ya fi ɓarna shi ne tarihin tashar. An kafa ta a fili, yau gine-gine da bishiyoyin darbejiya sun kewaye ta; iskar da ake aunawa ta ragu, kai kuma ka rubuta cewa yanayi ne ya canja. Zana layin kowanne cikin abubuwa huɗun nan shi kaɗai. Inda layi ya yi tsalle a shekara guda, nemi ranar da aka sauya na'ura ko aka ƙaurar da tashar.

Malam_Tafki: Abu ɗaya ya rage. Duka tsarin biyu ƙishin iska suke lissafawa, wato abin da za ta sha in ruwan na nan. A watan Maris ƙasa ta bushe ƙurmus: ƙishin na sama, ainihin abin da ke tashi kaɗan ne. In ka zuba ƙishin kai tsaye cikin lissafin shiga da fitar ruwa, ka ƙirƙiri giɓin da babu shi.

In tashar na da tasar awo ta Class A, wato buɗaɗɗiyar tasar ruwa da ake auna yawan abin da ya ƙafe a cikinta, gwada da ita, ka ninka awonta da wajen 0.7. Amma duba ko ana riƙe ruwan santimita 5 ƙasa da baki, da ko akwai raga, don awaki da tsuntsaye na sha a rubuta shi ƙafewa.

Dalibin_Ruwa: Na gode. Shekarun da babu bayanan iska fa, Hajiya?

Hajiya_Yanayi: Sai tsarin Hargreaves, mai amfani da zafin rana da sanyin dare. Amma lissafa duka shekaru 40 da shi, ka aje shi gefen Penman. Kada ka dinka rabin wannan da rabin wancan. A wurin ɗinkin karkatar ƙarya za ta fito.