Abin da manoman Ostireliya suka ce kan tsoffin kayan yaƙar zomo da ɓera

Dattawan manoman da suka tattauna batun sun yarda tarkon ƙarfe bai karya lagon zomayen da suka mamaye ƙasar tun 1859 ba, nama da fata kawai ya samar. Abin da suka fi yabawa shi ne a hura hayaƙi mai guba cikin rami da zugazugi, a toshe kowace kafa, sannan a bi da garma a rushe ramukan, kuma ni ma nan na tsaya.

Ɓera kuwa, dabarar da aka yi lokacin annobar ɓeraye ta 1917 na nan da amfaninta: a kewaye tulin buhunan alkama da kwanon rufi, a binne garwa a gindinsa don ɓerayen su faɗa ciki.

Wanda ya gaji tsohon amalanken zuba wa zomaye guba, don Allah ya nisanta yara da dabbobi da shi.