Me za mu kira "fast bowler" da Hausa?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubutu kan Glen Chapple, tsohon ɗan wasan kurket na ƙungiyar Lancashire a Ingila, sai na cije a kan sunan aikin da ya shekara ashirin da ɗoriya yana yi, wato "fast bowler".

2/ Ga wanda bai saba kallo ba: mutum ne zai ja da baya, ya taho a guje, ya daka tsalle, ya wulwulo hannu ta saman kai, ya saki ƙwallo mai tauri, nauyinta wajen giram 160. Filin jifan yadi 22 ne kacal. Ta dira ƙasa, ta taso wa mai bugu kafin ya ƙifta ido. A 2003 Shoaib Akhtar na Pakistan ya saki wadda ta kai gudun kilomita 161.3 a awa.

3/ Wani malami ya ce "maharbi". Ban karɓa ba, don shi harbi sai da baka ko bindiga.

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "ɗan majajjawa", kuma wallahi ta burge ni. Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero ya san yadda ake juya majajjawa kafin a saki dutse, haka hannun nan yake juyawa. Dokar wasan ma ta goya mata baya: an hana jifa irin namu na lanƙwasa gwiwar hannu a miƙe ta, abin da aka yafe bai wuce digiri 15 ba. Sai dai mai jifa a hankali yana murza ƙwallo da yatsu, shi ma haka yake wulwulo hannu. Sunan bai raba su ba.

5/ Inda na tsaya ke nan: kowane mai jifa "majefi", mace "majefiya", jam'i "majefa". Na yatsu "mai murza". Namu kuwa "mai zafin jifa", kamar yadda muke cewa zafin nama.

6/ Na fifita zafi a kan sauri saboda Chapple ɗin kansa. Gudun ƙwallonsa bai kama ƙafar na Akhtar ba. Abin da yake da shi saiti ne da naci, da iya karkatar da ƙwallo ta ruɗi mai bugu. Tun daga 1992 har ya daina wasa yana Lancashire, bai sauya gida ba. A wasan ƙarshe na kofin NatWest na 1996 a filin Lord's ya fitar da masu bugu 6 na ƙungiyar Essex daga wasa, maki 18 kawai aka samu a jifansa. Ingila sau ɗaya tak ya buga mata wasan yini guda, da Ireland a 2006, a nan ma rauni ya katse shi. Abin yana sosa mini rai. Ya koma gasar gundumomi ya ci gaba da aiki, har ya fitar da masu bugu 985 a manyan wasanni. A 2011 yana kyaftin Lancashire ta ɗauki kambun gasar, rabonta da ɗauka ita kaɗai tun 1934.

7/ Ku gwada a baki ku ji: "Chapple, mai zafin jifan Lancashire, ya tumɓuke turke." Idan wani wuri ya yi muku tsaye a harshe, musamman "turke" da na sa wa sandunan nan uku da majefi ke hari a bayan mai bugu, ku faɗa mini kafin in miƙa rubutun.