Ɗana ya kai wata 14: lokacin juya kujerarsa ta mota ya yi?

Maman Khalifa, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan al'amari. Ɗana yana da wata 14, nauyinsa kilo 10 da rabi a awon da aka yi masa na ƙarshe, kuma tun yana jariri yake zama a kujerar mota ta jarirai, irin mai hannun ɗauka, wadda ake ɗaurawa a kujerar baya yaro yana kallon bayan mota. Yanzu ƙafafunsa sun yi tsawo har suna tokarar jinginar kujerar mota, sai ya lanƙwashe su ko ya harɗe su kamar mai karatun allo.

Ranar da muka kai wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, gaisuwa, sun leƙa mota suka ga yadda yake zaune, suka ce mun takura wa yaro, kuma ƙafarsa za ta iya karyewa idan aka taka birki da ƙarfi. Sun ƙara da cewa su 'ya'ya tara suka raina a kan cinya, babu wanda ya ƙwarzane. Maigida ya fara karkata ga a sayo masa kujera mai kallon gaba kafin tafiyarmu Katsina da Babbar Sallah, ta Zariya da Funtuwa. Ba na son in yi musu da manya ba tare da hujja ba. Shin zaman nan yana cutar da ƙafarsa, kuma a wane lokaci ne ya dace a juya yaro?

Anti Nas, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Ki bar shi yana kallon baya, kuma dalilin yana wuyansa ne, ba a ƙafarsa ba.

Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada shi da sauran jikinsa. A jariri yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jiki, alhali a baligi bai fi kashi shida cikin ɗari ba. Wannan kai mai nauyi yana zaune ne a kan ƙasusuwan wuya waɗanda har yanzu guringuntsi ne ke haɗa sassansu, ba sa gama ƙosawa sai bayan wasu shekaru. Idan mota ta yi karo ta gaba, wanda shi ne karon da ya fi yawa cikin munanan haɗurra, komai da ke cikinta yana ci gaba da tafiya da gudun da take yi. Yaron da ke kallon gaba, maɗauran kujera za su riƙe kafaɗunsa da ƙugunsa, amma babu abin da ke riƙe kansa, sai kan ya fizgu gaba ya ja wuya. Ƙasusuwan da jijiyoyin wuya suna iya miƙewa sosai saboda taushinsu, amma lakar da ke cikinsu ba ta jure miƙewa sai 'yar kaɗan. Idan kuwa yana kallon baya, ƙarfin karon zai danna shi ne cikin kwarin kujerar, ƙeya da wuya da gadon baya su tafi tare a lokaci guda, nauyin ya bazu a kan bayansa gaba ɗaya.

Game da ƙafa, gaɓoɓin yaro ba irin namu ba ne. Ki lura da yadda yake zama a tabarma idan yana wasa, za ki ga da kansa yake lanƙwashe su. Raunin ƙafa ba kasafai ake samunsa ga yaron da ke kallon baya ba, hasali ma mai kallon gaba shi ne ƙafafunsa ke watsuwa su bugi bayan kujerar gaba. Ko da an yi karayar ma, ƙafa ana ɗora ta ta warke, laka kuwa ba ta da maɗori.

Maganar cinya ita ce ta fi tayar mini da hankali. Karo a kan gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma mun san a hanyar Funtuwa babu mai tafiyar kilomita 50. Babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan ƙiftawar ido, komai ƙaunarta. Idan kuma ta zagaya bel ɗaya a kanta da shi, nauyinta ne zai matse shi.

Baban Yusra, Suwidin

Malama, na goyi bayan abin da Anti Nas ta faɗa, sai dai in ƙara da abin da ake yi a nan ƙasar, domin daga nan wannan tsari ya samo asali. Wani farfesa mai suna Bertil Aldman, na jami'ar Chalmers da ke birnin Gotenbog, shi ne ya lura da yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya da bayansu a cikin kumbo domin jikinsu ya jure ƙarfin tashi, sai ya ƙera samfurin kujerar yara mai kallon baya a 1964. Tun daga nan abin ya zama al'ada, har ya kai yau ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗan shekara huɗu zaune yana kallon baya, ƙafafu a harɗe, yana cin biskit. Dokar ƙasar ba ta tilasta hakan ba, abin da ta tilasta shi ne kujera ta musamman ga yaron da bai kai santimita 135 ba, amma shawarar masana ita ce a kai shekara huɗu, kuma yawancin iyaye suna bi. 'Yata ta kusa shekara huɗu da rabi kafin muka juya ta, ba ta taɓa kukan ƙafa ba.

Ƙa'idar kujeru ta Turai mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta kallon baya har zuwa wata 15 a ƙalla, don haka ko da wannan ma'auni mafi sassauci ɗanki bai kai ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar shekara biyu a 2011, sannan a 2018 ta sake duba maganar ta ce a bar yaro har sai ya kai iyakar nauyi ko tsayin da kujerarsa ta amince da shi.

A nan ne nake ganin ainihin matsalarki take. Kujerar jarirai mai hannu irin ta Turai yawanci iyakarta kilo 13 ne, amma yara da yawa suna fin ƙarfinta ta tsayi kafin su kai nauyin. Abin dubawa shi ne kansa: idan tazarar da ke tsakanin tsakar kansa da ƙarshen kujerar ta sama ta gaza inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, to ta yi masa kaɗan a tsarin yawancin masu ƙerawa. Maganin wannan shi ne babbar kujera wadda ita ma ke kallon baya, da yawansu suna ɗaukar yaro har kilo 18, wasu na nan Suwidin har 25, kuma suna barin sarari ga ƙafa fiye da wadda yake ciki. Tunda maigida ya riga ya yi niyyar sayen sabuwa, a sayi irin wannan, kuɗin bai tafi a banza ba domin da yawansu ana iya juya su gaba idan lokaci ya yi.

Bakanike, Panteka

Maman Khalifa, ni ta fannin mota zan yi magana. Sau da yawa ana kawo mana mota da kujerar yaro a ciki, in taɓa ta da hannu ɗaya ta zame kamar an ajiye kwando. Bayan an ɗaura, ki kama ta daidai inda bel ya ratsa ki jijjiga; idan ta motsa fiye da inci ɗaya gefe da gefe, ba ta ɗauru ba. Idan motarku 'yar Amurka ce ƙirar 2003 zuwa sama, ki zura yatsa a tsakanin mazauni da jinginar kujerar baya, za ki ji wasu ƙananan ƙarafa biyu da aka tanada domin maƙala kujerar yara. A Turai ISOFIX suke kiran tsarin, a Amurka LATCH.

Kada a kuskura a sa kujera mai kallon baya a gaban mota matuƙar akwai jakar iska a dashbod, domin idan ta fashe bayan kujerar za ta daka, daidai inda kan yaro yake. Hukumar kiyaye haɗurra ma kullum tana nanata cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya za su zauna.

Sai maganar gwanjo. Kujeru da yawa da ake sayarwa a kasuwa sun biyo kaya ne daga waje, babu wanda ya san ko sun taɓa shiga haɗari, kuma tsagewar roba ba lallai ido ya gan ta ba. A juya ƙarƙashinta a karanta takardar da aka manna, akwai shekarar ƙira, wasu har da ranar da wa'adinta zai ƙare, galibi tsakanin shekara shida zuwa goma. Zafin ranarmu kuwa ba ya ƙara wa roba lafiya. Wadda ba ta da takarda ko maɗauranta suka zare, a bar wa mai ita.

Anti Nas, Zariya

Na manta da maɗauran. Ga mai kallon baya, su fito daga daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, kuma a ja su har ki kasa tsunkule lanƙwasa a kansu da yatsu biyu a saman kafaɗa. Idan sanyin hunturu ya zo, kada ki ɗaure shi a kan rigar sanyi mai kauri, ki ɗaure shi tukuna sannan ki lulluɓa masa zane. Da zafi kuma ki riƙa taɓa ƙarfen maƙullin kafin ki zaunar da shi, kuma ku tsaya a hanya duk bayan kamar awa biyu a fito da shi ya miƙe.

Hajiya kuwa, ki bar wa ɗansu ya yi musu bayani, ya fi sauƙin karɓuwa daga bakinsa. Tsoronsu na jikansu ne, idan suka ji maganar wuya ina kyautata zaton za su fi ki tsanantawa.

Maman Khalifa, Kaduna

Allah Ya saka muku da alheri. Jiya da yamma na zaunar da shi na auna, faɗin yatsa ɗaya kacal ya rage tsakanin kansa da bakin kujerar, ashe ta riga ta yi masa kaɗan ina can ina kallon ƙafa. Maigida ya karanta amsoshinku, ya kuma lalubo ƙarafan nan biyu a Corolla ɗinmu, ya ce shi zai yi wa Hajiya magana ranar Juma'a. Mun tsayar da sayen babba mai kallon baya kafin Sallah. Malam na Panteka, idan mun samo ta, ina so a duba mana ɗaurin farko kafin mu kama hanya.