Shawarwarin da na tattaro kan faifan Phoenix Rising na The Temptations

To jama'a ga abinda na tsinta a hirar jiya kan yadda za a fara sauraron wannan faifan na The Temptations, ƙungiyar mawaƙan Amurka. Mafi yawa sun ce kar ka shiga faifan nan na 1998 kana neman muryar David Ruffin ko Eddie Kendricks, tsofaffin mawaƙan ƙungiyar, sun riga mu gidan gaskiya tun 1991 da 1992, Otis Williams kaɗai ya rage cikin na asali. Wani yace fara da waƙar Stay tukuna saboda an ɗora ta kan kiɗan My Girl, tsohuwar waƙarsu da ta yi suna, kunnenka zai saba da sauri, ni dai na gwada kuma gaskiya ta shige ni. Wasu sun dage sai ka fara jin tsofaffin waƙoƙinsu na kamfanin faifai na Motown. A saka iyafis, lasifikar waya tana cinye bes ɗin.