Kunkuru jinsi biyu a shinge ɗaya, zai yiwu?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da sulkata, wato babban kunkurun nan na Afirka, ɗan shekara huɗu, ga shi an ba ni kyautar kunkurun Rasha. Wani ya ce min kunkuru duk kunkuru ne, in dai wuri da faɗi a haɗa su kawai. Hankalina ya soma karkata can. Me kuka gani?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, don Allah kada ka haɗa. Na Rasha ɗan tsakiyar Asiya ne, sanyi na zuwa zai shige rami ya yi barcin watanni. Sulkata ɗan Sahel ne, bai san wannan barcin ba. Sanyin da zai kwantar da ɗaya lafiya shi zai jawo wa ɗayan ciwon huhu. Sannan dubi girma: na Rasha da wuya ya wuce santimita 25, namijin sulkata kuwa yana haura kilo 45. Ko bai yi niyya ba zai take shi.

Isiyaku: Hajiya, wannan na yarda. Amma a ce haɗawa gaba ɗaya kuskure ce, ban yarda ba. Shekara uku ke nan sulkata da kunkuru mai zanen damisa suna shinge ɗaya a wajena. Duka 'yan Afirka ne, ciyawa suke ci, ba mai barcin hunturu a cikinsu. Ko majina ban taɓa gani ba. Gani ya kori ji.

Asma'u: Yaya Isiyaku, abin da na fi tsoro ido ba ya ganinsa. Ƙwayar cutar hapis in ta shiga kunkuru ta zauna ke nan har mutuwarsa. Wani jinsin yana ɗauke da ita yana kiwonsa lafiya lau, wani kuwa tana kama shi ta gama da shi. Ni ta faru a kaina. Na kawo kunkurun Girka, fes da shi, na sa shi cikin kunkuru jinsin Hermann (wani jinsin Turai) guda biyu da na rena tun suna ƙanana. Ba a daɗe ba bakinsu ya yi fari-fari ciki, suka daina cin abinci, likitan dabbobi ya yi iya yinsa, duka biyun suka tafi. Baƙon ko gezau. Har yau abin yana cina.

Isiyaku: Allah Ya mayar miki da alheri. To ai killacewa ce maganin wannan. Wata shida a ware, a yi gwaji.

Asma'u: Killacewa tana tona tsutsar ciki da ciwon da ya fito fili. Hapis kuwa lafewa take yi, gwajin baki zai iya fitowa babu komai a lokacin da ba ta motsa ba. Ga kuma ƙwayar cutar maikofilazma mai sa majina da kumburin ido. Tana cikin dalilan da suka sa Amurka ta saka kunkurun hamadar Mojave a jerin dabbobi masu fuskantar barazanar ƙarewa a 1990.

Isiyaku: Amma ko jinsi ɗaya ka haɗa, wannan haɗarin yana nan.

Hajiya Rabi: Yana nan, gaskiyarka, sai dai juriyarsu ɗaya ce a lokacin. Kuma ka sa ido a kan naka. Sulkata in ya balaga tunkuɗa yake yi da gaban ƙoƙon ƙirjinsa har ya kifar da ɗan'uwansa, kifaffe a rana kuwa zafi na iya kashe shi. Mai zanen damisa ba mafaɗaci ba ne, ja da baya zai yi, ya rage ci, kai kana cewa zaman lafiya suke.

Isiyaku: Zan riƙa auna nauyinsa duk wata. In ya ragu zan raba su.

Malam Habu: Ni dai na fasa. In na raba filin biyu da waya ya isa?

Hajiya Rabi: A'a Malam, sa katako ko bulo wanda ba za su hango juna ba, ka nutsa shi cikin ƙasa don duka biyun mahaƙa ne. Kowa da kwanon ruwansa. Ka fara kula da tsohon kafin baƙon, ka wanke hannu a tsakani.