Fararen ƙwari da baƙin danƙo a ganyen mangwaro

Mai lambu: Assalamu alaikum. Ina da mangwaro 12 a lambuna, kuma bana ganyensu ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Da na juya ganyen sai na tarar da wasu fararen ƙwari masu kama da auduga sun yi layi a jijiyarsa, ga danƙo yana ɗiga har ƙasa. Na yi feshi sau biyu, suka ragu, sannan suka dawo fiye da da. Shin in canza magani ne?

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bayaninka ya yi daidai da ƙwaron da masana ke kira Rastrococcus invadens, wanda asalinsa daga Asiya yake, aka fara ganinsa a Togo da Ghana a farkon shekarun 1980. Ruwan ganyen yake tsotsa, ya fitar da zaƙi irin na darɓa, kuma a kan zaƙin nan baƙar fumfuna take tsirowa, ta tare wa ganye hasken rana har bishiya ta rage 'ya'ya. Ya yi mummunar ɓarna a lokacin saboda ya iso ba tare da abokan gabansa ba, sai da aka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Indiya, mai saka ƙwai a jikinsa, aka sake shi a Togo a 1987, sannan abin ya lafa. Ina zargin feshinka ya kashe irin waɗannan mataimaka ne, alhali ƙwaron yana da rufin kaki da magani ba ya ratsawa sosai.

Ɗan Maiduguri: Mun ga makamancin haka a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1980, inda wani ƙwaro mai sulke ya manne wa dogon yaro, ganye ya yi rawaya ya zube.

Mai dashe: Malam ya yi gaskiya, amma ban yarda a naɗe hannu ba. Alhaji, ka sare rassan da suka fi kamuwa ka ƙone su, domin iska da rana su ratsa bishiyar, ka wanke ƙananan da ruwan sabulu. Ka duba gindin kuma, idan tururuwa na hawa da sauka, zaƙin take sha, tana korar masu cin ƙwaron. Ni dai nawa a jikin dashen da na sayo suka shigo, don haka yanzu sai na duba bayan kowane ganye kafin in biya kuɗi.